Kawu ya ce sai babban database

Ina tsaka da haɗa wa ƙungiyar unguwarmu dandalin sanarwa a intanet, inda za a riƙa sa labarin biki da suna da ta'aziyya, sai ga Kawu Sale, shugaban ƙungiyar, ya ja kujera.

Na ce masa akwai ɗan shirin kwamfuta da zan rubuta mai tura wa mutane tunatarwa, kuma sai na zaɓa masa database, wato rumbun da zai adana sunaye. Akwai ƙarami mara nauyi, akwai babba irin na ma'aikatu, wanda tsohuwar kwamfutar ƙungiya ba za ta iya ɗauka ba.

“’Yan Unguwar Sarki wanne suka sa?”

“Babba, Kawu.”

“To mu Unguwar Kanawa ’ya’yan bora ne? Sa mana babba!”

Na ce to, Kawu. Yana fita na sa ƙaramin.

Jiya bayan sallar la'asar na ji shi yana cika baki a ƙofar masallaci: “Kun ga yadda saƙo ke shigowa kamar walƙiya? Da na biye wa yaron nan, da ƙarami ya sa mana!”

Jama'a, in faɗa masa ko in bar dattijo da nasararsa? Amma duk wanda ya nuna masa rubutun nan, na cire shi daga tunatarwar walima.