Gishirin da Rana Ba Ta Sha

Wata huɗu ke nan, amma har yanzu in na ɗebo gishiri zan zuba a miya sai in tsaya in ɗanɗana tukuna.

Wani attajirin garinmu Daura, mai fatauci zuwa bakin teku, shi ya gina wurin shaƙatawa a bayan gari. Ya sa aka girka tankin gilashi mai tsawon ɗaki biyu, aka cika shi da ruwan gishiri da kifayen teku. Da yake zamanin Shari'a ne, an ware wa mata Talata da Asabar, ana kuma neman macen da za ta riƙa tsaya musu. Na gama sakandare ina zaune a gida, aka ce ai na yi kimiyya, aka ɗauke ni.

Mai kula da tankin wani dattijo ne ɗan Zango, wanda ya daɗe yana aiki a bakin teku. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malama, don tsokana. Safiyar wurin nake kewa fiye da komai. Kafin a buɗe ƙofa ba ka jin komai sai gurnanin famfo. In goge gilashi, in watsa abinci, kifayen su taso shuɗi da rawaya kamar an baza atamfa. Can sai motocin haya su fara sauke mata daga Sandamu da Mashi, su shigo da salati. Wata tsohuwa ta taɓa ciro tsakiyar murjani daga wuyanta ta kara a gilashi, ta rantse ba za ta yarda abin da ake sarƙa da shi yana da rai ba.

Yana da rai kuwa. A tsakiyar tankin akwai wani murjani mai faɗin faifai, mai buɗewa kamar fure in yana lafiya, wanda Baba ya rena shekara shida tun yana kamar ɗan yatsa. Autansa yake ce masa. Abin awon gishiri ya daɗe da fashewa, don haka kullum Baba yakan tsoma yatsa ya lasa. Ya sha cewa in gwada, ni kuwa in yamutsa fuska in ce ruwan da kifi ke kashi a ciki ba zai taɓa harshena ba. Sai ya yi dariya ya ce ilimin takarda ƙyama gare shi.

Da bazara aka aiko yayansa ya rasu. Ya hau babur a gaggauce, abin da ya iya ce mini kawai shi ne kada in bar ruwa ya sauka ƙasa da jan layin da ke jikin gilashi. Bayan sadakar bakwai shi ma zazzaɓi ya kwantar da shi a can.

Zafi kuwa kullum sai ya shanye kusan duro guda. Na sha ganin Baba yana dama gishiri in zai sake ruwa a ƙarshen wata, sai na ɗauka duk ruwan da zai shiga tankin haka ake yi masa. Kullum in dama in zuba. Da na ga Auta ya fara tsukewa ya daina buɗewa, sai na ce gishiri ne bai ishe shi ba, na riƙa ƙarawa har da gyara.

Ranar Asabar ta uku Inna, mahaifiyata, ta rako maƙwabtanmu kallo. Ta zagayo baya ta same ni ina juya duro da muciya. Ta tambayi abin da nake yi, na yi mata bayani da ɗan alfahari. Ta dube ni.

"Ke, miyar da ta tsotse a kan wuta, gishiri kike ƙara mata ko ruwa?"

Na ce ruwa. Kafin in rufe baki na gane kuskurena. Rana ruwa take sha, ta bar gishirin a ciki. Har a aji biyu an koya mana. Na tsoma yatsa a tankin na lasa, karo na farko. Ɗaci ne, ba ma gishiri ba.

Na ruga zan sakar wa tankin tiyon ruwan daɗi gaba ɗaya, Inna ta riƙe mini hannu, ta ce ko mai azumi ba ya kafa kai a randa lokaci guda. Kwana huɗu ina kwasar bokiti ina mayar da ruwan daɗi kaɗan-kaɗan, ina kuka. Kifi biyu suka mutu, sauran suka farfaɗo. Auta kuwa fari ya ci shi daga gefe zuwa tsakiya, ina kallo, kamar ƙashi.

Da Baba ya dawo, a rame, ya wuce wurin tankin kai tsaye. Ya lasa ruwan, ya daɗe tsaye gaban gilashi. Ban jira ya tambaya ba na faɗa masa duka.

"Laifina ban faɗa miki ba, 'yata," ya ce. "Naki, ba ki ɗanɗana ba."

Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya naɗe hannun riga, ya ɓalle ɗan guntun da ya rage da launi, bai fi ɗan yatsa ba, ya dasa shi a kan wani dutse. Tun ranar ban iya komawa ba. In na rufe ido farin nan nake gani.

Jiya Baba ya aiko wa Inna cewa guntun ya fara buɗewa, kuma a gaya wa Malama harshensa ya tsufa, yana neman mai taya shi ɗanɗanawa. Gobe Talata. Na goge hijabina na rataye, ina ta kallonsa.