Tagar da Muka Toshe Saboda Iya

Duk abin da zan manta a duniya, ban da wata ranar damina a gidan hayarmu na bayan Farin Gada. Yaron da nake goyo a lokacin yanzu ya fi ni tsawo, amma har yau in na ji warin gawayi a ɗaki sai gabana ya faɗi.

A gidan akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Iya, ɗakinta manne da namu. Da safe tana tuyar ƙosai a bakin titi. Sauran yinin kuma tana ɗaya sana'ar tata, wadda ba ta da ranar hutu, wato laɓe.

Ai ji daban, laɓe daban. In magana ta zo ta same ka kana zaune, ka ji ne, ba laifinka. Amma in kai ne ka ɗauki ƙafa ka bi ta har gindin tagar mutane, ka yi lamo kamar ba ka nan, to wannan shi ne laɓe. Iya ba ta taɓa yarda tana yi ba. Kullum za ta ɗauko faifan wakenta ta zauna daidai ƙarƙashin tagarmu, in an yi magana ta ce nan ne haske ya fi kyau. Ko ranar da hadari ya rufe gari, nan ne dai hasken ya fi kyau.

Wata rana maigidana, wanda ke lodin kabeji da dankali a kasuwa, ya raɗa mini cewa yana so ya bar dako ya koma tuƙin keke napep. Raɗa fa, ni kaina da ƙyar na ji. Washegari kafin ya isa wurin aiki abokansa sun fara kiransa oga mai keke. Ya dawo ransa a ɓace, ɗauke da kwalaye. Ya liƙe tagar tsaf, ya cusa tsumma a 'yar kafar iska da ke samanta, har ƙasan ƙofa bai bari ba.

"Sai ta zo ta laɓe wa kwali," in ji shi.

Muka yi dariya, muna ganin mun fi kowa wayo a gidan.

Wanda ya san daminar Jos ya san sanyinta. Ranar da abin ya faru, ruwa ya kwana ya wuni, kayan jariri sun ƙi bushewa, yaron kuma yana mura. Bayan azahar na yi abin da matan gidan duk muke yi: na hura gawayi a kurfoti, na shigo da shi ɗaki, na baza kayan a kan kujera, na tura ƙofa na sa sakata. Na sha yin haka ba abin da ya faru. Abin da ban lissafa ba shi ne, a da iska na shiga ta tagar nan, yanzu kuwa mun toshe ta da hannunmu.

Kaina ya fara sara, na ce gajiya ce. Na kwanta kusa da yaron. Ya ɗan yi ƙananan kuka ya yi shiru, har na gode wa Allah ya samu barci. Wannan godiyar, in na tuna ta, har yanzu tsikar jikina tashi take.

Farkawa na yi a tsakar gida, ruwa na dukan fuskata, Iya na marina tana kiran sunana. Ƙofarmu a ɓalle, ga taɓarya yashe a gefe. Wani maƙwabcinmu mai keke yana riƙe da yaron, hannuwan jaririn sun saki. Ban san da wace ƙafa na shiga keken ba. Sai da muka daɗe a asibiti na ji kukansa, ban taɓa jin abu mai daɗi kamar kukan nan ba. Likita ya ce da mun ƙara jimawa kaɗan a ɗakin, da sai dai wani labarin.

Da yamma Iya ta zo mana da kunu. Maigidana na zaune kansa a sunkuye, ya kasa haɗa ido da ita. Can dai ya daure.

"Iya, ya aka yi kika sani?"

"Sani kuma? Ni wake nake tsinta," ta ce. "Sai dai yaron nan kullum bayan azahar sai ya yi rigima, uwarsa ta yi masa waƙar nan tata marar daɗi. Yau shiru. Na ce ko kwalin nan naka ne, na matsa na sa kunne a ƙofa. Nan ma shiru. Na ce a'a, wannan shirun ba na lafiya ba ne."

Ba wanda ya tambaye ta yadda ake tsintar wake a cikin ruwan sama. Ta gyara mayafi ta ƙara da cewa, "Kada ka ce laɓe nake, ɗana. Kula ce."

Kada ku ɗauka ta tuba. Kafin a sallame mu, duk Farin Gada an san abin da ya faru, har da cewa oga mai keke ya yi hawaye a gaban likita. Shi kuwa da kansa ya yage kwalayen. Washegari Iya ta dawo da faifanta gindin taga, har kujera nake miƙa mata.

Daga baya na ji cewa maƙwabta da yawa sun gifta ƙofarmu a ranar. Mutanen kirki, masu kunya, waɗanda ba su taɓa kasa kunne a ɗakin kowa ba. Suka ga ƙofa a rufe, suka ce tana hutawa, kada a dame ta.

Iya ta rasu, Allah ya jiƙanta. Mu kuma mun koma gida mai katanga wajen Rayfield, inda maƙwabcina bai san muryata ba, ni ma ban san tasa ba. Har gobe ban ce laɓe hali ne mai kyau ba, in na kama 'ya'yana a bayan ƙofa sai na yi musu faɗa. Amma na koyi daina saurin raba mutane gida biyu, na kirki da na banza. Ranar da ɗana yake mutuwa a gefena, duk masu tarbiyyar gidan sun wuce ƙofata cikin ladabi.