Kunkurun da Rifkatu Ta Tsinta

Wata Asabar ce a ƙarshen Nuwamba, shekarar da na cika sha uku, a farkon shekarun casa'in, ƙanwata Rifkatu ta tsinci kunkurun teku a gaɓar ruwan Staten Island, tsibirin da muke zaune a ƙasar waje. Sanyi ya yi tsanani har yatsuna sun daina jin bakin ledar da nake tara shara a ciki. Mu yaran da aka kawo aikin tsabtace gaɓa mun jeru a kan yashi muna tsince gwangwanaye da robobi da guntayen igiyar masunta, ita kuwa ta ja baya tana shurin ciyawar ruwa don ta gaji. Sai na ji ta ƙwala kira: "Yaya, zo ki ga wani abu kamar kwano a kife!" Na tarar da kunkuru, girmansa bai wuce faifai ba, ido a rufe, ko motsi babu. Wani yaro ya ce a mayar da shi ruwa, wani ya fara tuɓe rigar sanyinsa zai naɗe shi. Ni ce na hana su. Na karanta a ɗan littafin da aka raba mana cewa sanyi ne ke sandarar da su, in an mayar da su ruwa su nutse, in an ɗumama su da gaggawa su mutu. Na sa aka ja shi nesa da inda ruwa ke bugawa, na lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa, na ruga na kira manya.

A unguwar Park Hill muke zaune lokacin, hawa na biyar, ginin da ƙamshin miyar kuka da na soyayyen kifi ke tarbar mutum tun daga matakala. Baba direban bas ne, Mama nas. Su yi mana Hausa, mu amsa da Turanci, sai in an kira cikakken suna, Saratu, sannan na san Hausa zan yi. Wanke-wanke nawa ne, da kai kaya injin wanki a ƙasan gini, da tsefe wa Rifkatu kai daren Asabar saboda coci. Sauran 'yan mata suna tsallen igiya a filin gaban gini, ni kuwa hankalina yana teku. Wata biyu na yi ina roƙon Baba kafin ya sa hannu na shiga wani shiri na yara da hukumar wuraren shaƙatawa ta birni ke gudanarwa tare da wata ƙungiya mai zaman kanta ta masu kula da dabbobin ruwa. Gwamnati ta ba da mota da ma'aikaci mai kakin kore, ƙungiyar ta kawo littattafai da safar hannu da wata dattijuwar Baturiya da muke kira Mis Joan. Shekara guda ban fasa zuwa ko sau ɗaya ba. Rifkatu kuwa ranar ce zuwanta na farko, kuma don Mama tana aiki ne, babu wanda za a bar ta da shi.

Ma'aikacin ya yi magana a rediyonsa, motar ƙungiyar ta zo ta tafi da kunkurun, ya kuma rayu. Bayan makonni sai ga ƙaramar jaridar da ƙungiyar ke bugawa, ga hoton Rifkatu a shafin farko, ta durƙusa tana murmushi da hulata a kanta, hular da na ara mata. Daga gefen hoton akwai gwiwar hannu cikin jar riga. Tawa ce. Baba ya yanke hoton ya manna a firiji, ya kai wani kwafin wurin aikinsa. A coci matan zumunta suka riƙa jan kumatunta suna cewa "ga likitar kunkuru." Duk lokacin da na buɗe firijin nan in ɗauko madara sai in kawar da kai daga hoton. Na daina ba ta rabin alewata. Da nake tsefe mata kai na riƙa jan gashin da gangan.

Da bazara ta kusa, Mis Joan ta tsayar da ni bayan an tashi. Ta ce ƙungiyarsu da hukumar gwamnati mai kula da teku za su kai yara kaɗan jihar Florida su ga duwatsun murjani, a wani yanki da aka hana kamun kifi da jefa anga, kuma daga rukuninmu an zaɓi mutum ɗaya. Na tabbata ni ce. Sai ta miƙo mini ambulan ta ce in kai wa iyayenmu, tun da ni ce babba. Sunan Rifkatu ne a kai. Ni da na haddace cewa murjani dabba ne mai rai, na zana shi a bangon kowane littafina! Da muka isa gida na ninke takardar na cusa ta bayan ƙarfen ɗumama ɗaki na falo. Rifkatu ta ji an ce an zaɓe ta, ta tambaye ni sau ɗaya, na ce ba a ba ni komai ba. Ta yarda, domin ban taɓa yi mata ƙarya ba.

Kusan mako biyu aka yi. Ran wata Lahadi da rana muna cin tuwon semo aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga Mis Joan tana haki, lif ya lalace ta hawo da ƙafa, riƙe da sabuwar takarda, wai ko ta farkon ta ɓata. Mama ta ba ta kujera da ruwa, sannan ta juyo gare ni da Hausa, muryarta a kwance: "Saratu, je ki ɗauko ta inda kika ajiye." Ashe tun washegari ta gani tana shara, ta karanta, ta mayar. "Kullum in na dawo aiki sai na leƙa," in ji ta, "ina jira in ga ko za ki fito da ita da kanki." Na zaro takardar a gaban kowa, zafi ya mayar da ita ruwan ƙasa. Mis Joan ba ta jin Hausa, amma ta sunkuyar da kai tana kallon kofinta. Da a ce dukana aka yi, da ya fi mini sauƙi.

Baba bai yi faɗa ba. Ya karanta takardar har ƙasa, ya ga an ce dole yaro ya iya iyo, Rifkatu kuwa ko fuskarta ba ta yarda ta sa a ruwa. Ya ce, "Ke kika iya, ke za ki koya mata." Haka na yi ta kai ta wurin iyo na unguwa kowace Asabar, ina tallafe da cikinta tana ƙanƙame wuyana. Wata rana ta fashe da kuka a bakin ruwan ta ce, "Yaya, ni tsoro nake ji. Ke ya kamata a kai." Na so maganar ta sanyaya mini rai, sai ta ƙara ƙona ni: abin da nake mutuwar so an ba wadda ba ta ma so. Duk da haka ban sake ta ba har ta iya.

Ta yi kwana biyar ta dawo, fatar hancinta na saɓulewa. Ta miƙa mini ɗan littafi, ta rubuta duk abin da ta gani da rubutunta mai kama da tafiyar tururuwa: murjani mai rassa kamar ƙahon barewa, wani kamar ƙwaƙwalwa, wani shuɗi mai kaɗawa kamar mafici, da kifi mai baki irin na aku da ta ji ƙarar haƙoransa a kan dutse. Ta ce ta yi ta tambayar sunaye ne don ta san zan tambaya. Wata guda na ƙi buɗe shi. Da na buɗe kuwa, sai da na haddace.

Yau Rifkatu tana Texas tana aikin harhaɗa magunguna, ba ta sake shiga teku ba. Ni ce na zama malamar kimiyya, amma sai da na haura arba'in na kai kaina wurin nan. Har yanzu ana gadinsa, na ma ga matasa suna dasa murjani da hannu kamar masu dashen shinkafa. Sai dai yawancin abin da na tarar fari ne fat, ɗumamar ruwa ta cinye launinsa, wani ya ruguje, gansakuka ta rufe shi. Ina fitowa na kira ta, ruwa na ɗiga daga gashina, na ce ta sake faɗa mini yadda yake a da. Ta yi dariya ta fara, ni kuma na zauna a kan yashi ina sauraro. Har yanzu ina kishin idanunta.