Mijin Yayata da Kundayen Hotunan Matafiya

Da hantsin Talata, tara ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran mijin yayata a gadon asibiti, bayan ciwon suga ya riga ya tafi da ganinsa. Na Allah muke, gare Shi muke komawa.

Yaya nake ce maka tun ranar da ka aure ta, kai kuwa har na yi furfura ba ka daina kirana ɗan rakiyar amarya ba.

Ƙarfinka ya ƙare a bayan tagar sayar da tikiti ta tashar jirgin ƙasa. Ka sallami dubban matafiya, kai ba ka je ko'ina ba. Kullum kana cewa sai ka ajiye aiki za ka ɗauki matarka ku ga duniya. Shekarar da ka ajiye aikin, a cikinta ɓarin jikinta ya shanye.

Ban taɓa jin ka koka ba. Sai ka shiga bin rumfunan masu tsofaffin kaya kana neman kundayen hotunan da matafiyan ƙarni na sha tara suka haɗa: bangon fata, maɗaurin tagulla, hotuna masu launin ruwan shayi a manne kan takarda mai kauri. Bayan la'asar ka wanke hannu, ka zauna bakin gadonta, ka ce, "Uwargida, yau ina muka nufa?" Ta nuna da hannunta mai lafiya. Wata rana tashar jiragen ruwa, wata rana dutse mai ƙanƙara. Na sha tarar da ita tana dariya da rabin bakinta.

Mutanen gefen hoto sun fi gine-ginen damunka. Ka taɓa nuna mini wani ɗan dako da akwati a ka, ka ce, "An rubuta sunan dutsen, ba a rubuta nasa ba. Allah Ya jiƙan bawan nan."

Da ta rasu, idanunka suka bi ta a hankali. Ni na koma mai buɗe maka shafi. In na ce, "Ga wani ruwa nan," sai ka ce, "Wani ruwa? Ai gara makanta da idonka. Faɗi kwalekwalen da ke hagu." In duba, yana nan kuwa.

A asibiti ka riƙe hannuna ka ce, "'Ya'yan nan nawa haya suke yi, ba su da wurin ajiya. Dillali zai zo sayen kundayen. In ya zo kada ka ga laifinsu."

Ya zo, Yaya. Ban ga laifinsu ba, kuma ba ni da ikon hanawa. Shekaranjiya na bi ta rumfarsa na tarar ya sa reza ya raba shafukan, kowane hoto a ledarsa, bangwayen a jibge bayan ƙofa. Na nemi ɗan dakon nan, aka ce an riga an saya. Na tsaya har mai rumfar ya tambaye ni ko lafiya.

Ya Allah, bawanKa ne da ya yi jinyar matarsa bai gaji ba, ya roƙa wa waɗanda bai sani ba gafara. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka mayar masa da gani a Aljanna, Ka haɗa shi da ita tana tsaye da ƙafafunta. 'Ya'yansa da jikokinsa da ƙannensa, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu zuwan. Amin.