Giyabos Uku a Kan Tabarmar Malam Sammani

Da an sallame sallar asuba, Malam Sammani ba ya tsayawa doguwar gaisuwa a ƙofar masallaci. Zai wuce gida, ya sha koko a tsaye, ya jawo tsohon buhun takin da yake zuba sifanunsa, ya fito gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Nan ne garejinsa, shekara arba'in da ɗoriya. Ni dai tun da na yi wayo a ƙauyen nan namu da ke tsakanin Kura da Bunkure, ban taɓa ganinsa ya zauna cikakken minti goma ba. Ko a wurin ɗaurin aure, ƙafarsa na kaɗawa, kunnensa na kan hanya. Mota za ta wuce can nesa, sai ya katse maka magana ya ce, "Waccan boris ɗinta ya kusa tafiya." Bayan kwana biyu sai ka ga an turo ta.

Manoman rani sun san shi da injin ban-ruwa, masu casar shinkafa sun san shi da nasu. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne aikin da ya yi a kakar tumatirin bana, wanda ya ce shi ne na ƙarshe. Yanar ido ta rufe masa ɗaya, tana neman na biyun, 'ya'yansa kuma sun matsa masa ya ajiye aiki haka nan.

Akwai wata tsohuwar Fijo a-kori-kura a garinmu, ta direba Isiyaku, wadda ta girme shi kansa. Gonakin da ke ƙarshen magudanar ruwa babbar mota ba ta shiga, don hanyar siririya ce, ga wani hawa mai tsayi kafin a fito titi. Ita kaɗai ke shiga ta kwaso tumatir zuwa kasuwar Kwanar Gafan. A can ƙarshen ne gonar Inno take, dattijuwar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu huɗu da ɗan fegin nan, wanda da shi suke ci shekara. Ranar wata Laraba, tumatirinta ya nuna jawur an fara tsinka, sai giya ta biyu ta motar ta yi wata ƙara a tsakiyar hawan, ta saki. Da shanun huɗa aka jawo ta ƙofar Sammani.

Ya kwanta ƙarƙashinta, ya sauke giyabos, ya buɗe. Haƙoran giyar sun zube kamar tsakuwa a cikin mai.

"Baba, akwai dabara?" in ji Isiyaku.

"Sabo dai babu shi a duniyar nan. Sai dai mu roƙi matattu su ba mu aro."

Kafin azahar ya tuna da wata gawar Fijo a bayan wani injin casa a Kura, wadda kaji suka mayar akurki. Ya hau babur ya je ya kwance nata. Ranar Alhamis ya tura Isiyaku wajen 'yan gwangwan a Kano, ya dawo da na uku. Ita kuwa Inno, sau biyu tana zuwa ta tsaya daga nesa da mayafinta, ta juya. Tsayuwar nan tata ta fi kowace magana hana shi sukuni. Ya san tumatirin da aka tsinka ba ya wuce kwana uku a zafin nan.

Sammani yana da tsarinsa. Idan zai warware giyabos, sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jera kayan ɗaya bayan ɗaya yadda suka fito, daga dama zuwa hagu kamar rubutun allo: giya, zoben tagulla, washa, boris. Tun da idonsa ya raunana, jerin nan ne ya zame masa ido. Safiyar Juma'a ya yi layi uku a kan tabarma uku, kowane giyabos da nasa, ya tafi masallaci da niyyar in ya dawo ya tsinci mai kyau daga kowanne ya haɗa guda.

To, matarsa Hawwa sana'arta gumin shinkafa, kuma ranar ta sauke tukunya biyu, ga rana ta buɗe, babu wurin shanya. Ta kuma ga kaji na tsattsagar ƙananan washoshin nan. Baiwar Allah sai ta tattara komai a babbar roba guda, har da wanke su tas da kananzir yadda take ganin yana yi, ta rufe da faifai, ta baza shinkafarta a kan tabarmin.

Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa. Isiyaku, wanda ke biye da shi, ya ce ya ɗauka tsohon faɗuwa zai yi.

"Hawwa, ina kayana?"

"Ga su can na adana maka, Malam. Kaji ne za su yi maka ɓarna."

Ya buɗe faifan, ya daɗe yana kallon abin da ba ya iya gani sosai. Ƙarfe sama da ɗari, na mota uku, duk sun zama dangi ɗaya. Sai a lokacin ta gane, ta dafe ƙirji tana salati.

"Bar shi," ya ce da ita. "Ko ba komai kin rage mini wanki. Miƙo mini kujerar tsugunno."

Ranar ce aka ga Sammani a zaune. Daga bayan Juma'a har rana ta yi ja bai tashi ba sai don salla, amma kada ka ɗauka natsuwa ce, gumi yake yi, leɓensa na motsi. Zai ɗauki giya, ya rufe ido, ya bi haƙoranta da babban yatsa yana ƙirgawa kamar mai jan carbi. Sannan ya shafa gefen da ya cinye, ya nemo wadda cinyewarta ta dace da ita. Ya ce wa Isiyaku giya biyu da suka shekara talatin suna gugar juna, kowacce tana ɗauke da tabon 'yar uwarta, ba za su ɓace wa yatsa ba. Sau biyu ya haɗa ya juya da hannu, ya ji wani ɗan ciji da babu wanda ya ji sai shi, ya sake wargazawa. Isiyaku na ta zarya tsakanin zaure da tsakar gida, har tsohon ya kore shi.

Sai da hantsin Asabar giyabos ɗin ya haɗu, aka ɗaura wa motar. Isiyaku ya shiga gona, aka yi lodi. Sammani ya ƙi shiga motar, ya tsaya a kan gaɓar magudana kusa da hawan, ya karkata kai. Ta taho tana nishi da giya ta ɗaya. Aka taka kuloci, aka sa ta biyu. Ta shiga shiru, ta riƙe, ta haye. Mutanen da ke wurin suka ɗau kabbara, shi kuwa abin da ya fara tambaya shi ne, "Kwando nawa ta ɗauko?"

Ashirin da shida ne. Huɗu na tsinkar Laraba sun riga sun ruɓe, an zubar.

Malam Sammani, na Hawwa, mai gani da yatsa. Kai ne ba ka taɓa yin allon suna a ƙofar gidanka ba, amma babu gonar da ke bakin ruwan nan da ba ta ci albarkacin hannunka ba. Kai ne aka rikita wa aikin kwana biyu, ka ƙi bari ran matarka ya ɓaci. Mun gode. Allah Ya ba ka lafiyar ido, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu riƙe da sifana a yau, da kuke cewa a jefar da komai a sayo sabo, ku je ku zauna kusa da shi tun yana da ƙarfin nuna muku, ku koyi haƙurin bin ƙarfe haƙori bayan haƙori.

Na je gaishe shi makon jiya. Buhun sifanun na rataye a zaure, shi kuma yana ta kai da komo a gindin darbejiya, hannu a baya. Na ce masa Inno na yi masa addu'a kullum. Ya girgiza kai ya ce, "Da na haɗa tun Juma'a, da huɗun nan ba su ruɓe ba."

Baba, kai ka ci gaba da ƙirga huɗun in ka ga dama. Marayun Inno ashirin da shidan suke ci.