Kwikwiyon da Aka Bar Mini

Shekarar da aka sace mana awaki biyu, maigidana ya shigo da ɗan kwikwiyo cikin kwali, ana gobe zai tafi cin rani Kano. Wai daga wurin wani abokinsa na Dawce ya karɓo shi, in ya girma zai riƙa tsaron garke. Lokacin ina goyon ƴata ta uku, ga surukata da ciwon ƙafa, ga ƙosan da nake toyawa kullum da sassafe a ƙofar gida.

Gari na wayewa ya hau mota. Daren ranar kwikwiyon ya fara kuka.

Kukan siriri ne, amma ba ya yankewa. Surukata ta ce kada ya kuskura ya matso kusa da ɗaki ko tabarmar salla, ni ma ban so hakan ba, sai na ɗaure shi can a gindin itacen bedi. Ya yi kuka, jaririya ta farka, ni in tashi. Haka muka yi kwana huɗu. A na biyar na ƙona ƙosai har kasko biyu saboda gyangyaɗi. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaya ko mu kaɗai ne a unguwar. Na kira maigidan a waya, ya yi dariya ya ce zai saba. Na kashe wayar.

Na riga na yanke shawarar mayar da shi Dawce ranar kasuwa, sai wani tsoho mai sayen ƙosai a wurina, wanda ya yi farauta a ƙuruciyarsa, ya tambayi abin da ya sa idona ya yi ja. Da na gaya masa ya ce a fito masa da shi. Ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa cikinsa.

"An yi saurin raba shi da uwarsa, ƴata," in ji shi. "Sanyi ne da kewa. Kwanan nan yana kwance cikin ƴan'uwansa, yau ga shi shi kaɗai da igiya a wuya."

Ya ce in kwance igiyar, in ba shi kunu da nonon akuya bayan isha'i, in shimfiɗa masa tsohon buhu a kusurwar garke, in cika ƙaramin bido, wato jarkar roba, da ruwan ɗumi in naɗe da tsumma in ajiye masa. Kullum wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Kada in doke shi, kada kuma in riƙa fitowa duk sa'ad da ya yi ƙara.

Na yi, amma da haushi, don wani aikin ne aka ƙara mini. Daren farko ya yi kuka har tsakar dare. Na biyu ya rage. A na uku shirun ne ya tashe ni. Na ɗauki tocila na fita, sai na tarar ya bar bidon ya cusa kansa tsakanin tsohuwar akuyarmu da ɗanta, cikinsa na hawa da sauka.

"Ya mutu ne?" surukata ta tambaya daga ɗakinta.

"Barci yake, Inna."

"To ke ma je ki kwanta."

Ban samu barcin ba, don makon ne jaririya ta fara haƙori.

Da damina ta kusa maigidan ya dawo. Karen ya tare shi a zaure da haushi, sai da na fito na tsawata masa. Abin ya yi wa maigidan daɗi, ya yi ta gaya wa masu zuwa sannu da zuwa cewa ya iya zaɓen kare. Na miƙa masa kaskon da ake zuba wa karen abinci, na ce daga yau aikinsa ne. Na shiga ɗaki na kwanta tun kafin la'asar.