Igiyar da Na Ɓoye Ƙarƙashin Gadona

Me ya sa maigidana ya tafi ranar nan bai ce in ba shi igiyarsa ba? Idona ya dushe, haƙorana sun zube, amma har yau ban sami amsar wannan tambaya ba. Ban yi lakwal ba, ban san baƙi ba. Matar fastonmu ce take rubuta mini, kuma na roƙe ta kada ta rage mini laifina, ta sa shi yadda na faɗa.

A lokacin ni mace ce mai ƙarfi, mai baki, da ɗiya huɗu. Asalinmu wani ƙauye ne kusa da Deule, cikin duwatsun Adar. Maigidana mai haƙar rijiya ne, ya gada wurin ubansa. Ciwon tari ya kai shi asibitin mishan a ƙasar Madawa, can ya warke, can ya koyi karatu, can ya karɓi bishara, ni ma na bi shi. Da muka koma gida danginsa suka ware mana ƙwarya, ba mai ci da mu, ba mai sha. Sai muka kwashe muka dawo kusa da asibitin, cikin 'yan'uwa masu bi. Ya ci gaba da sana'arsa, yau Bangi, gobe wajen Garhanga, duk inda rijiya ta rufta ko ta ƙafe. Yana da ƙa'ida guda: ba ya sauka da igiyar wani. Tasa shi yake tufka ta da rama, wata guda cur yana zaune a kanta, kuma kafin ya shiga rami sai ya bi ta taƙi-taƙi da yatsunsa, yana addu'a a hankali.

Ni kuwa kunyar aikin nake ji. Mijin maƙwabciyata ya tafi makarantar masu bishara, ya dawo da keke da farar riga, ana ce masa malam, ita kuma matar malam. A zumuntar mata kowa na roƙa wa mijinta albarka a kan aikin Ubangiji, ni tawa addu'ar sai ta maƙale, don nawa mijin laka yake kawo mini in wanke. Na ɗauka kira na masu tsayawa gaban jama'a ne kawai. Da dattawan ikilisiya suka ce suna son su tura shi makarantar, suka ce ya ba su amsa bayan bikin Nowel na haihuwar Almasihu, na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Shi ko ya yi dariya, ya tambaye ni in kowa ya zama mai wa'azi, da wane ruwa za a yi baftisma. Ya ce shi a ƙasan rami ya fi jin Allah kusa da shi, kuma ranar da mata suka daina tafiyar rabin yini da tulu saboda hannunsa, ya yi nasa wa'azin. Na ce masa wannan maganar malalacin da ke tsoron alli ce. Ya ce to, uwargida, malalacin na jin yunwa, a kawo fura.

Shekarar ita ce ta babban fari na biyu, kamar shekara goma bayan soja sun karɓi mulki. Hatsi bai yi ba, rama ma ba ta fito ba. Wannan ne ya ba ni dabara. Wata ranar kasuwa da ba ya gida, na sauke igiyar daga maratayinta, na naɗe ta cikin tsohon zane, na tura ta can ƙarƙashin gadona bayan kwanuka. Na san bana ba shi da abin da zai tufka wata, kuma ba zai sauka da ta wani ba. In ba igiya ba aiki, in ba aiki sai makaranta. Da ya dawo ya tambaya, na ce ban gan ta ba, wataƙila masu wucewa da dabbobi sun ɗauka. Na ɗora wa bayin Allah sata. Ya dube ni ya daɗe, ya fita.

Bayan kwana goma sai ga wansa, mutumin da ya shekara goma sha biyu bai taka ƙofarmu ba. Ya rame, leɓensa duk ya tsage. Na kawo fura don al'ada, ina jira ya ture ta, sai ya karɓa ya shanye. Ya ce rijiyar ƙauyensu ta ƙafe, mata na kwana biyu kafin su cika tulu a wani gari, an fara binne jarirai. Ya kira maigidana ƙanena, ya ce ba su da wani sai shi. Da safe maigida ya ɗauki daginsa, ya zo ya tsaya bakin ƙofar ɗakina, ya tambaye ni ko akwai abin da zan ba shi. Na miƙa masa ƙullin gari da ƙuli-ƙuli. Ya karɓa, bai tafi ba, ya sake tambaya ko shi ke nan. Na ce shi ke nan. A raina ina cewa zai je ya duba, ya nuna musu inda za su haƙa, ya dawo. Igiyar tana bayana, taku uku.

Rana ta biyar kamiyon ɗaukar kaya ya tsaya ƙofar asibiti da hantsi ɗauke da maigidana, aka aiko a kira ni. Wansa ne ya gaya mini yadda aka yi. Da suka isa, mata sun kewaye rijiyar da tuluna wofi. Maigidana ya bi igiyar garin da yatsunsa, wadda aka gaji da jan guga da ita, ya girgiza kai, sa'an nan ya dubi matan, ya ɗaura ta a ƙugunsa. Kwana uku tana riƙe shi. A na huɗu ya kai ga yashi mai laima, ya aiko da shi cikin guga mutane na ta kabbara, sai ana jawo maigidana sama igiyar ta tsinke. Bayansa ya karye. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ya yi sati biyu kwance, ƙafafunsa ba sa jin kome. Ni ke juya shi, ni ke ba shi kunu, wansa na zaune a ɗaya gefen yana kore masa ƙuda. Kullum in buɗe baki in faɗa, sai harshena ya yi nauyi.

Ranar da aka binne shi na fito da igiyar gaban mutane na miƙa wa wansa. Bai tambaye ni kome ba, ya rungume ta ya yi kuka. Da ita aka ƙarasa rijiyar, har yau ana sha, kuma in na je ƙauyen ba a ware mini ƙwarya. Amma ruwan ba ya wuce mini maƙogwaro sai da hawaye. Na yi tuba gaban ikilisiya, na san Ubangiji ya gafarta mini, sai dai gafara ba ta maido wa ɗiyana ubansu ba.

Abin da na koya, na koye shi a makare. Allah ya riga ya kira mijina tun kafin dattawa su yi magana, ni ce ban gane ba, don kiran ya zo da laka a jiki. Ba ɗaukakar Allah nake nema ba, so nake a ce mini matar malam. Ni ma ina da nawa kiran, in riƙe gidan nan, in wanke rigar nan, in sallame shi da kayan aikinsa cikakku, na raina shi. Ku mata 'yan'uwana, da ku maza, in naku na noman albasa ne, ko wankin zanen majiyyata, ko kiwo, kuma yana yi da gaskiya da tsoron Allah, kada ku auna shi da na maƙwabci. Kada ku ɗaure hannun mutum da dabara kuna cewa aikin Ubangiji kuke tura shi.

Miƙa igiyar nan ma ba tunanina ba ne. Ranar da zai cika, da la'asar, wansa ya fita salla, muka rage mu biyu. Na durƙusa na kama hannunsa, na ce maigida, akwai maganar da ke cina. Ya matse yatsuna, ya girgiza kai kada in ci gaba. Muryarsa ta yi ƙasa har sai da na kai kunnena bakinsa.

“Uwargida, bar kuka. Igiyar nan da ke ƙarƙashin gadonki, fito da ita kada gara ta ci. Ki ba yaya. Saura kaɗan su kai ga ruwa.”